Tsumma a Bakin Bindiga

Zuwa ga Mai girma Kumanda, shugaban gardawan yankinmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke ƙarƙashinka. Allah ya ƙara girma.

Sunana Ilu, mutumin Maijirgi. Ni ne gardin nan da bindiga ta fashe ma a hannu bara, ranar harbin gwajin da muke yi kowace shekara kafin a buɗe kasuwar gyaɗa. Na so in faɗa maka maganar ga baki da baki. Na yi ta zuwa ƙofar biro ɗinka, yau a ce ka tafi rangadi, gobe a ce kana taro, har mai jakin da nake ara ya fara ɗaure mini fuska. Na gaji, wallahi. Shi ya sa na ba da ita a karanta a bainar jama'a, in kai ba ka gani ba wani ya gani ya kai maka.

Ban rubuto don hannuna ba. Yatsu uku na hagu sun tafi, idon dama yana nan amma ba ya aiki, takarda kuwa ba ta maido ko ɗaya. Na rubuto ne saboda ƙanena Sani, wanda kuka ɗauka a gurbina don ku share mana hawaye. Mun gode da wannan. Amma gyaɗa ta fara shiga buhu, harbin gwajin bana ya matso, kuma bindigogin da za a miƙa masa su ne 'yan'uwan wadda ta cinye mini hannu.

Na farko, maganar tsumma. Ka san ƙasarmu. Da rani rairayi yana shiga ko cikin tukunyar da aka rufe, da damina kuma zanzaro ba ya ganin rami ya ƙyale, sai ya kwaɓa laka ya yi ɗaki a ciki. Don haka tun zamanin Nasara kowane gardi yakan yagi ƙyalle, ya tsoma a mai, ya toshe bakin bindigarsa. Haka muka iske manyanmu suna yi. Da tsohuwar bindiga wannan bai taɓa cutar kowa ba, domin kowace safiya sai ka zare ƙarfen bayanta, ka cire tsumman, ka ɗaga ta sama ka leƙa. In ka ga haske, lafiya lau. In ba ka gani ba, ka san akwai abu a ciki.

Bayan samun 'yancin kai aka kawo mana sababbi, masu ɗura harsashi da kansu, kana danna kunama ta harba ta sa wani. Mun yi murna kamar an yi mana aure. Wanda ya kawo su ya nuna mana inda ake sa harsashi da inda ake dannawa, ya shiga mota ya koma Maradi tun ba a yi la'asar ba. Ba a daɗe ba wani daga cikinmu ya kwance tasa, wani ɗan ƙarfe ya faɗa cikin rairayi ya ɓace. Daga ranar aka hana kowa kwance ta, aka kulle su duka a magaza, ɗakin ajiyar makamai. To ita kuwa ba a leƙa cikinta sai an kwance. Leƙawa ta mutu ke nan, toshewa kuma ta ci gaba.

Na biyu, mai. Man bindigar da aka aiko da su ya ƙare da jimawa. Lajidan ɗinmu, babbanmu a bariki, ya nema, ni shaida ne, ba na ɗora masa abin da bai yi ba. Da shiru ya yi yawa muka juya ga abin da Allah ya wadata mu da shi. Matan bariki kullum suna tuyar ƙuli-ƙuli, man gyaɗa ko a ludayi aka roƙa sai a ba ka. Bindiga takan yi sheƙi da shi, gwanin kyau. Amma in ya kwana biyu cikin zafi sai ya yi danƙo kamar ƙaro, ya kama duk ƙurar da ta gifta. Akwai ranar da wata bindiga ta tashi da kanta, ana ja mata ƙarfe kawai ba wanda ya taɓa kunama, ta huda kwanon rufi. Aka yi dariya, aka ce aljanin magaza ne ya yi atishawa. Shi kuwa tsumman da ya sha wannan mai, in ya bushe sai ya ƙanƙance. Bindigogin a tsaye suke, baki sama. A hankali yake zamewa ciki, ya tsaya a tsakiya, rairayi ya bi shi, su daskare tare.

Na uku, abin da ya same ni. Da hantsi aka jera mu bayan gari, gaban tudun da muke harbi. Aka buɗe magaza, kowa ya karɓi wadda ta zo hannunsa. Na duba bakin tawa, ba tsumma, na ce ai ya faɗi. Duk wanda ke layin nan abin da zai ce ke nan. Na durƙusa, na tallafe ta da hagu, na danna. Ban ji ƙara ba, ranka ya daɗe, mutane ne suka ce an ji ta har kasuwa. Ni dai na ga ƙarfen ya tsage ya buɗe kamar kara, na ga hannuna ba yadda na san shi ba. A amalanke aka kai ni Tasawa.

Na huɗu, abin da aka ce. Wasu sun ce sakacina ne, kuma haka aka aiko maka. Wasu sun ce jifa ne, har aka fara kallon wani maƙwabcina da muka taɓa samun saɓani kan iyakar gona, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Sauran suka ce ƙaddara. Ni Musulmi ne, na yarda da ƙaddara, ba sai an tuna mini ba. Amma likitan da ya wanke mini ciwon ya nuna mini abin da ya tsinto daga tafin hannuna, a kan ɗan faranti. Akwai ɓarɓashin ƙarfe, akwai kuma zare shuɗi wanda ya ƙone rabi. Na gane shi. Tsohon rawanin kaporal ɗinmu ne, wanda dukanmu muka yaga muka yi toshi da shi. Na faɗa a bariki, aka ce Allah ya kiyaye gaba, aka ba ni goro. Ba wanda ya tashi ya duba ko bindiga ɗaya.

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni zama. Sani ya zo gida ranar kasuwar Kanan-Bakashe da ta wuce, ya taya ni cirar gyaɗa, tunda hannu ɗaya ba ya girgiza ta yadda ya kamata. Muna hutawa a gindin gawo yake ba ni labari, ba da wata damuwa ba, cewa an sa shi sharar magaza, ya ga wasu bindigogin ba toshi a bakinsu. Ya tambaya, aka ce masa sun faɗi. Na tambaye shi ko ya ga tsumma ko ɗaya a ƙasa da yake sharar. Ya ce bai gani ba.

Na ce masa ranar harbi ya zura kara a ciki kafin ya danna. Ya ce mini, Yaya, sabon gardi ba ya tsai da layi, kuma sai an yi kiran jeri ake miƙa makami. Gaskiyarsa ne. Ni ma da nake sabo ban isa in yi tari a layi ba. Magana daga ƙasa ba ta buɗe magazar nan, sai daga sama.

Saboda haka ga roƙona. Kafin a yi harbin bana, ka ba da umurni a fito da bindigogin nan duka a rana, a zura ƙarfen gogewa a cikin kowace ɗaya daga baki har ya fito ta baya, a gaban idon wanda zai harba ta. A turo wanda ya san kanta ya zauna da gardawa har kowa ya iya kwancewa da ɗaurawa, ba mai saurin komawa ba. A wanke danƙon da ke cikinsu, a aiko da man da aka yi dominsu, man gyaɗa a bar wa ƙosai. In toshi ya zama dole saboda zanzaro, a ɗinka musu 'yar hula wadda ke rufewa daga waje, yadda ba za ta faɗa ciki ba. Kowane tela a kasuwar Mayahi zai iya wannan. Sunana da aka ɓata da sakaci kuwa, na bar wa Allah, ba ni da sauran ƙarfin bin sa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da naka daga ganin abin da na gani. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a kakar bana.

Innarmu ba ta san wannan magana ba. Kullum tana faɗa wa mata a bakin rijiya cewa gwamnati ta san mutunci, ta sa wa autanta jar dara ta gardawa. Mu biyu kaɗai ta haifa maza. Idan abin da na roƙa ya yi nauyi, ranka ya daɗe, ba komai, ku karɓi hularku ku sallamo mana shi kafin ranar harbi. A mazan gidanmu shi kaɗai ya rage mai yatsu goma.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ilu, tsohon gardi, Maijirgi