Na Cika Littafi da Labarin Mahaifiyata, Na Kasa Rubuta Sunanta

Zuwa ga Malama Humaira, mai Filin Shawarwari.

Assalamu alaikum. Don Allah 'yata ki taimaki tsoho da shawara, kuma ki hanzarta, don ban san ko ina da lokacin jira ba. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne yake rawa. A da har daga ofishin ilimi ake aiko min da takardu in kwafa saboda kyan rubutuna.

Ni tsohon malamin firamare ne, shekarata tamanin da uku, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Makoɗa. Uwar 'ya'yana ta rasu shekara huɗu ke nan. 'Ya'yan sun watse, mazan suna Kano, macen tana aure a Shanono. Gidan da a da sai an ɗora tukunya biyu, yanzu daga ni sai awaki uku, matar maƙwabcina ce take aiko min da tuwo. Amma ba wannan ne kukana ba.

Tun ina aiki na rubuta asalin gidanmu, wane ya haifi wane, har kaka na tara. Na yi alfahari da shi ƙwarai. Ran sadakar arba'in ta uwar 'ya'yana, liman zai yi addu'a sai ya tambayi sunanta. 'Ya'yanta suka sunkuyar da kai don kunya, jikoki kuwa Hajiya kawai suka sani, ni ma bakina ya ƙi buɗuwa. Sai wata maƙwabciya ce ta ɗaga murya daga cikin gida ta faɗa. Da mutane suka watse na ɗauko takardar asalin nan na duba. Maza tara, babu mace ko ɗaya, kamar daga rumbu aka ɗebo mu. Washegari na aika aka sayo min littafin rubutu, na ce zan rubuta matan gidanmu, na fara da mahaifiyata.

Mahaifiyata ba a cikin Musulunci aka haife ta ba. 'Yar Maguzawa ce, daga wata unguwa da ke tafiyar rabin yini daga garinmu. Ta musulunta kafin ta auri babana, aka canja mata suna, kuma ban taɓa ganin ta bar salla ba. Danginta suka yi fushi suka daina ambatonta. A gidanmu Inna muke ce mata, surukai su ce ta ɗakin gabas. Sunanta na Musulunci bai ɓata ba, 'yata ta Shanono ce ta ci shi, shi ya sa muke kiranta Uwani. Amma sunan da uwarta ta raɗa mata, sau ɗaya tak ta faɗa min, tana ciwon ajali. Ta ce, "Kai ɗan boko, riƙe wannan. Duk masu kirana da shi sun ƙare."

Abin da na fi son ya wanzu shi ne labarin iri. Inna ta zo da wata al'ada daga gidansu. Kowace kaka, kafin maza su ɗaure dami, sai ta bi gona ta tsinci zangarniyar da ta fi cika, ta sussuke, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da taɓo. Ina ɗan shekara tara ko goma aka yi wata muguwar yunwa. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, aka ci dusa, aka ci tafasa, aka tone gidajen tururuwa ana neman tsaba, daga ƙarshe kowa ya daka irinsa ya ci. Babana ya nemi tulun Inna, ta ce ya ƙare. Ni kuwa na ga lokacin da ta binne shi a ƙarƙashin gadonta na ƙasa. Ta kalle ni, na kalle ta, ban faɗa wa kowa ba, ga ni da yunwa. A wannan bazarar ƙanwata Furera ta rasu, tana da shekara uku. An ce zawo ne. Ban sani ba ko kunun geron nan da zai tsayar da ita, har yau ban sani ba. Da ruwan shuka ya sauka, Inna ta tono tulun, ta bi gida-gida tana ba kowa cikin ludayi. Da shi unguwarmu ta yi shuka. Ba wanda ya gode mata a fili, babana ma wata biyu bai shiga ɗakinta ba.

Duk na rubuta wannan, ganye sittin da biyu. To ga inda matsalar take. Duk inda ya kamata sunan da uwarta ta raɗa mata ya fito, layi nake ja in wuce. Kin san tarbiyyarmu. Ko na Musuluncin ban taɓa furtawa ba tunda aka haife ni, in na haɗu da mai irinsa sai in ce mai sunan Inna. Da na ɗora biro sai in ji kamar zan cire mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Kullum sai in ce gobe.

Mako uku da suka wuce, ranar Laraba, na idar da sallar asuba na zauna, sai na nemi sunan a raina na rasa. Malama, na rasa shi ƙaf. Na bi baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya, babu. Na ɗauki sanda na fita bakin gona na zauna gindin gawo. Sai wajen azahar, ina jin wata mata tana daka a bayan danga, sunan ya faɗo min da kansa. Tun ranar ba ni da natsuwa. Ina farkawa shi nake fara lalubawa, kamar mai taɓa aljihu a tasha. Idan ya sake tafiya bai dawo ba fa?

Na hau babur na je unguwar su Inna, ko akwai wanda zai riƙe tare da ni. Yawancinsu Kirista ne yanzu. Na sami Obed, jikan yayanta, ya shimfiɗa min tabarma ya sa aka dama min fura. Ya ce, "Baba, mun dai ji an ce muna da wata gwaggo da ta tafi wajen Musulmi. Wadda za ta san sunanta ta rasu bara. Ka faɗa min mana in rubuta." Na buɗe baki, kunya ta hana ni. Na ce masa sai na dawo.

Sai kuma maganar ɗana, zan kira shi Abdulmumini a nan. Yana koyarwa a Islamiyya a Bacirawa, har limanci yana yi. Ya zo gaisuwar salla ya ga littafin ya karanta. Ya ce, "Baba, an san mu da gidan malamai. Ka san bakin mutanen birni, gobe a riƙa yi wa 'ya'yana gorin asali a makaranta. Maganar iri da yarinyar da ta rasu kuma, ai asirin mamaci ne. Ka yage ganye goman nan, sauran ni zan kai a buga." Na ce ba zan yage ba. Bai ɗaga min murya ba, yaro ne mai ladabi, cewa kawai ya yi, "To Allah ya ƙara lafiya." Amma gaisuwarsa ta waya ta gajarce. Kuma na san ran da na rufe ido, shi ne zai buɗe akwatina. Yanzu na ɓoye littafin a cikin rumbu. Ina tsoron gara, ina tsoron ɓera, kuma ina tsoron in manta inda na sa shi.

Ki faɗa min gaskiya. Tona mata asiri nake yi? In yage ganyen in zauna lafiya da ɗana, tunda shi zai sa ni a rami? In rubuta sunan, ko in bar shi ya bi ni? Ita ce ta ce in riƙe, ban san ko riƙewa a baki take nufi ko a takarda ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Naki,
Tsohon Malami, daga ƙasar Makoɗa.

AMSA

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Inna da Furera da Hajiya.

Zan fara da abin da ba ya jira. Ka rubuta sunan. Kunyar sunan uwa tarbiyya ce mai kyau, girmamawa ce, ni ma da ita aka raine ni. Amma an yi ta ne a lokacin da gari yake cike da masu faɗin sunan a madadinka, ƙawayenta da yayyenta da sa'o'inta. Kai ka yi shiru, su su kira. Yanzu babu su. Inna ba ta faɗa wa babanka ba, ba ta faɗa wa maƙwabta ba, ta zaɓi wanda ya iya alƙalami, har ta kira ka ɗan boko. A ganina ta riga ta amsa maka tambayarka ta ƙarshe. In rubuta shi a tsakiyar labari ya yi maka nauyi, ka sa shi sau ɗaya a shafin farko, ka ci gaba da ce mata Inna a sauran.

Batun tonon asiri kuma, asalin mutum ba abin kunya ba ne. Mutanen farko na Musulunci da yawansu ba a cikinsa aka haife su ba, kuma malamai sun rubuta sunayensu da na iyayensu, maza da mata. Matar da ta bar danginta ta riƙe salla har ta koma ga Allah, babu abin ɓoyewa a tarihinta. In zuciyarka ba ta kwanta da maganata ba, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa.

Sai dai kada ka mai da Abdulmumini abokin gaba. Tsoronsa ba na banza ba ne, gorin asali yana nan, kuma 'ya'yansa ne za su sha shi, ba kai ba. Sannan ka tuna shi a takarda ya ci karo da labarin, babu shiri, bai ji shi daga bakinka ba. Ka kira shi ya zo shi kaɗai, ka zaunar da shi, ka ba shi labarin bazarar nan kamar yadda ka ba ni, har da yunwar da ka kwana da ita kana sane da inda tulun yake. Ka nuna masa cewa da an daka geron nan, wataƙila da babu kai, balle shi. Kana iya sassauta masa a wuri ɗaya: ba sai an buga an raba wa duniya yanzu ba, littafin ya zama na zuri'a, su yanke lokacin fitar da shi. Amma yagewa, a'a.

A kan Furera, ka rubuta abin da idonka ya gani, ka rubuta abin da aka ce, ka rubuta cewa ba ka sani ba. Kada ka wanke Inna, kada ka kama ta. Ita ta ɗauki wannan nauyin har kabari, hukuncinsa yana wajen Allah.

Ka fito da littafin daga rumbu yau, gara ba ta san tarihi ba. Ka kira Uwani ta zo, ka danƙa mata ta kai inda ake hoton takardu a yi kwafi uku. Ɗaya wajenta, tunda ita ta ci sunan kakarta, ɗaya wajen Obed, ɗaya na Abdulmumini, asalin littafin kuma ya zauna a gabanka. Ka faɗa wa ɗanka da bakinka cewa ka yi haka, kada ya ji a wajen wani. Abin da yake hannu huɗu ba ya ɓata a akwati ɗaya. In ta zo, ta ɗauki muryarka a waya kana ba da labarin sauran matan, don baki ya fi hannu mai rawa sauri.

Mantuwar ranar Laraba kuma kada ka ɓoye ta. Tana iya zama tsufa, tana iya zama gajiya da zaman kaɗaici, tana iya zama abin da magani zai taimaka. Ka sa a raka ka asibiti a duba ka, kuma ka bar 'ya'yanka su san halin da kake ciki.

Baba, ka riƙe amanar nan shekaru masu yawa kai kaɗai, ya isa haka. Kada ka jira zuwan Uwani, kada ka jira gobe. Kafin ka ninke jaridar nan, ka yi bismilla ka rubuta sunan, ko a gefen wannan shafin ne. In hannu ya yi rawa, ya yi, za a karanta.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya daidaita tsakaninka da ɗanka, ya ba ka ikon kai littafin ƙarshe.

Taka,
Malama Humaira.