Kifin Ɗakin Baba Yana Nan

Daura, 14 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Mainasara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali a Fatakwal, ya ƙara rufin asiri. Nan gida kowa lafiya. Damina ta yi albarka, geron gonarmu ta Zango ya fid da kai, gwiwar Inna kuma ta yi sauƙi har tana zuwa barka da ƙafarta.

Saƙonka ya iso ta bakin Kalilu direba, cewa in zubar da kifin nan, in kwashe gilasan daga ɗakin Baba kafin ƙarshen wata, tunda Kawu Badaru ya kira ka ya ce ruwana ne ke tara wa unguwa sauro. Na zaɓi takarda domin na san halina, da na ji muryarka a waya sai in ce to. Wannan ce ta uku da na rubuta, biyun farko na yaga saboda na ga neman gafara ya yi yawa a ciki. Yaya, ba zan zubar ba.

Kai dai ka san na dawo gida bayan takabar mijina Sha'aban, ba ka san yadda na yi zaman ba. Wata huɗu ban rubuta komai a littafina ba sai kwanan wata, ni da ban taɓa tsallake rana ba tun muna sakandare. Da na raka Inna Kano ne na sayo 'yan kifi shida a leda, waɗanda ake kira gofi, ba su kai ɗan yatsa ba, mazan da wutsiya kamar atamfa. Huɗu na kashe da hannuna, domin ranar Juma'a na wanke gilashin da sabulu na cika shi da sabon ruwan famfo, yadda muke yi wa randa. Daga nan na koyi barin ruwa ya kwana biyu, na riƙa rage kaɗan ina ƙara kaɗan. Na kuma gane haihuwa suke yi ba ƙwai ba, uwar kuma takan cinye 'ya'yanta. Sai na riƙa sa mai ciki a kwandon tsane shinkafa a cikin baho, 'ya'yan su zurare ta hujin su tsira. Daga biyun da suka rage, yau shekara uku, ina da ɗari biyu da goma sha ɗaya.

Kawu bai tsaya a kanka ba, ya kai ƙara wajen mai unguwa, aka turo duba-gari ranar Talata. Ba zan ɓoye maka ba, na tsorata, har na ce a raina ƙila Kawu ne mai gaskiya. Na bi littafina shafi shafi, na tarar sau ɗaya a watan Yuli na ga tsutsar sauro a bokitin da nake kwantar da ruwa, tun ranar kuma nake rufe shi da faifai. Wannan shafin na fara nuna wa mutumin. Ya bi gilasai da bahuna da ludayinsa bai samu ko ɗaya ba, ya ce ai kifin nan ba su da abincin da ya fi tsutsar sauro. Kawu yana tsaye yana cewa kifin da ba ya shiga miya wasan yara ne, bai dace da mace mai shekara arba'in ba. Mutumin ya ce tunda an fito, bari a leƙa maƙwabta. A komin da tumakin Kawu ke shan ruwa ludayi ɗaya ya ɗebo, sai ga tsutsotsin sauro suna ta wutsil-wutsil. Na yi kamar ban gani ba, babba babba ne.

Ban ce na iya komai ba, har yanzu wasu kan mutu ban san dalili ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗakin nan shekara shida yana rufe da tsofaffin buhuna, ba wanda ya tuna da shi sai da na share shi. Ni ma 'yar Baba ce, Yaya. Da ka tambaye ni kafin ka yanke, da na ji daɗi.

Shekaranjiya Maimuna matar Kawu ta shigo da kwanon sha a ƙarƙashin mayafi, ta ce in ba ta goma a zuba a komin, wai shi ya aiko amma kada in sani. Na ba ta goma sha biyu, har da masu ciki uku. Don haka in ka zo da niyyar zubarwa, sai ka fara daga gidan Kawu.

Inna tana sa maka albarka. Ka gaida Anti Raihana, da Munzali da Ummukulsum, ka ce na ware musu jajaye biyu.

Taka ƙanwa,
Murjanatu