Disket na Huɗu

Konni, daren Laraba, 1998

Ban faɗa wa kowa ba, amma disket na huɗu yana ƙarƙashin matashina.

Ranar Litinin Yaya Sani ya aiko wa Kawu disket shida na wani shirin kwamfuta daga Yamai. Da na je sharar buro, wato ofishin Kawu, sai na ga a jikin na huɗu ya rubuta da biro: "A gai da Auta." Shekara biyu rabona da shi, ko wasiƙa babu. Na soke disket ɗin a zanena na taho gida.

Na ɗauka biyar sun isa. Ashe odinatar, wato kwamfutar, da kanta take harhaɗa shirin, kuma kowane ɓangare yana jingine da wani. Yau Kawu ya yini gabanta. Rubutu ya yi ta gudu, sai ta tsaya cak, wai akwai abin da ta nema ta rasa. Ya sake, ta sake tsayawa.

"Ke Auta, kin ga aikin yayanki? Shi yana Yamai, hankalinsa yana tasha! Ba ni ƙara ba shi aiki."

Na sunkuyar da kai ina shara. Yaya bai manta komai ba. Har ni bai manta ba.

Ɗazu na ɗora takarda na bi rubutunsa da fensir, har "A" ɗinsa ta fito daidai. Gobe ba zan cusa disket ɗin cikin sauran a ɓoye ba. A hannun Kawu zan sa shi, in faɗa masa ni na ɗauka.