Awa Ɗari Shida

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Kin ce in ina da magana in rubuta, wai a waya ba na barin kowa ya kai aya. To ga shi na rubuta.

Yaya, an ƙona mini rai. Kin san shekarata tara a cibiyar nan ina zama da masu fama da shaye-shaye, tun ina share ɗakin taro har aka damƙa mini rukuni nawa na kaina. Da sabuwar doka ta fito cewa babu mai ba su shawara sai mai takardar shaida, ban yi gardama ba. Na koma aji da furfurata, wata goma sha takwas, ina zama benci ɗaya da sa'annin 'ya'yanki. Darasin ƙwaƙwalwa, darasin magunguna, darasin riƙe sirri, har da na yadda ake rubuta rahoto. Jarrabawa na sha ƙasa sau ɗaya, a na biyu na haye. Ya rage sharaɗi guda: aikin awa ɗari shida a gaban mai dubawa, ya sa hannu a kowane shafi na littafin da ake rubuta awoyin.

Na cika su cif. Dattijo ne ya sa mini hannu, mutumin da ya kafa cibiyar, wanda ya tsamo ni lokacin da kowa ya fid da rai da ni. Ranar Litinin na sa rigata mai kyau na kai littafin ofishin hukumar da ke ba da takardar. Akawun da ke bayan kantar karɓar takardu ta buɗe shafin farko, ta latsa kwamfuta, sai ta turo mini littafin da ɗan yatsa ɗaya. Wai lasisin Dattijo ya mutu shekara huɗu ke nan, bai je bitar sabuntawa ba. Na ce, "Baiwar Allah, mutumin nan shi ya koyar da rabin waɗanda ke cikin kwamfutarki." Ta ce, "Shi dai ba ya ciki. Na gaba!"

Da na koma na tuhumi Dattijo, buɗar bakinsa sai ya ce, "Au, wai mutuwa yake yi?" Shi a zatonsa lasisi kamar takardar haihuwa ne, sau ɗaya ake yi. Wallahi na rasa kuka zan yi ko shaƙe shi.

Yanzu Shugabar cibiya ta ce ƙarshen wata, in babu takarda, za ta karɓe rukunina. Mutum goma sha ɗaya ne, Yaya, Talata da Alhamis.

Ke kina da lasisin dubawa, kuma na san kina sabunta shi duk da kin yi ritaya, don ke ko katin asibiti ba kya bari ya mutu a hannunki. Na sayi sabon littafi, na kwafe ranakun gaba ɗaya, ga shi na haɗo da wasiƙar nan. Hannu kawai za ki sa. Aikin na yi shi, Allah ne shaida.

Ki gaida mutan gida.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Saƙonka ya iso, na karanta har ƙarshe.

Na taya ka murnar jarrabawa. Ban san ka faɗi ta farko ba, kuma da ka faɗa mini da na taya ka bita.

Littafin ga shi na mayar maka yadda ya zo. A ƙasan kowane shafi an rubuta: "Na shaida cewa ina wurin, na gani da idona." Ba na wurin, ban gani ba. Ban taɓa taka ƙofar cibiyarku ba, kai ma ka sani.

Akwai abin da nake so ka amsa wa kanka. Ranar da aka ba ka littafin farko, a bangon ciki an rubuta cewa ɗalibi ya tabbatar da lambar lasisin mai duba shi kafin ya fara. Ka karanta? Na san ba ka karanta ba. Tun kana firamare haka kake, ka ga kan tambaya ka hau amsa. Shekara ɗaya da rabi kana miƙa wa tsoho biro, ko sau ɗaya ba ka ce ya nuna maka katinsa ba.

Ka rubuta wa hukumar takardar koke. Ka haɗa da shaidar Shugabarku da kwafin tsohon littafin. Ka kai da kanka, kuma kada ka ɗaga wa kowa murya.

Allah ya kawo mafita.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na gode da wa'azi, ya iso lafiya tare da littafin.

Na bi shawararki, don kada gobe ki ce ban bi ba. Na rubuta koken. A hawa na biyu aka ce in kai hawa na huɗu. A hawa na huɗu aka ce mai karɓar koke ya tafi bita. Bita, Yaya! Washegari na same shi, ya ce fom ɗin da na cika tsoho ne, sabon yana hawa na biyu. Kwana huɗu ina hawa da sauka kamar guga. Ban ɗaga wa kowa murya ba sai a rana ta huɗu, kuma shi ma mutum ɗaya ne.

Amsar ita ce kwamitin koke sai bayan wata bakwai zai zauna. Daga ƙarshen wata har zuwa lokacin ba ni da izinin zama da kowa, sai in da mai lasisin dubawa zaune a ɗakin. Na nemi irinsu. Mutum biyu na samu: ɗaya ɗalibai sun yi masa yawa, ya ce in dawo baɗi, ɗaya kuma bai ko bari na zauna ba.

Kin ce me ya sa ban ce Dattijo ya nuna mini kati ba. Haba Yaya! Mutumin da ya wanke mini amai da hannunsa, shi zan tsare in ce, "Baba, ina takardunka?" Da wane bakin?

Bari in gaya miki su wa za a karɓe, tunda ke shafi kike gani. Akwai Tela. Shekara shida yana kan maganin tari, har keken ɗinkinsa ya sayar. Wata uku yana zuwa yana zama kusa da ƙofa da hula a ido, ko tari ba ya yi. Ran nan na ba da labarin yadda na taɓa kwance fankar ɗakin Inna na kai kasuwa, sai na ji dariya daga bakin ƙofa. Daga ranar bakinsa ya buɗe. Yau kwanansa arba'in da ɗaya bai sha ba. Akwai wata malamar makaranta da ko mijinta bai san tana zuwa ba. Akwai Mai Walda, da ya faɗi sau biyar ya tashi sau biyar. Shugaba ta ce za a raba su cikin rukunin likita, mutum arba'in a ɗaki ɗaya, minti talatin. Tela ya ce mini, "Malam, in ka tafi ni ma na tafi." Kin san ba gida yake nufi ba.

Ba ƙarya na ce ki yi ba. Awoyin nan an yi su, gumi ne ya zuba. Abin da babu shi ne lamba a kwamfuta. Ke kuma kina zaune da lambar a jaka, ba ta tsinana wa kowa komai, kina karanta mini bangon littafi. Sa hannu ne fa kawai, Yaya. Me zai ci miki?

Na sake turo littafin. Saura kwana tara.

Ƙaninki da ransa ke ɓace,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ka tambaye ni me sa hannu zai ci mini. Na yi niyyar in tafi kabari da amsar, amma tunda ka tambaya, zauna.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, ina shugabar ma'aikatan jinya a ɗakin tiyata, aka kira ni gaban kwamiti. Suka baza mini takardu goma sha bakwai na karɓar allurar kashe zafi daga ma'ajiyar magani, kowace da sa hannuna. Kallo ɗaya na yi musu. Ni na riƙe hannunka na koya maka rubutu, na san yadda kake jan wutsiyar harafin ƙarshe. Na tuna lokacin da kake yawan kawo mini abinci wurin aiki, ina ta yabonka a gaban abokan aikina.

Shugaban kwamitin ya ce in ba hannuna ba ne in faɗa, su kira 'yan sanda. Na ce nawa ne, sakaci na yi wajen lissafi. Aka dakatar da ni wata shida, aka rage mini girma, aka jefa ni sashen masu taɓin hankali da shaye-shaye a matsayin horo. A can na ƙare aikina. Lasisin da kake cewa yana zaune a jaka, a can na samo shi, ina kallon irinka kullum ina neman gane abin da ya same ka. Inna ta rasu tana zaton ni na nemi canjin.

Kai kana ganin ba wanda ya gane. Na gane tun daga takarda ta farko.

Sau ɗaya a rayuwata na amsa sa hannun da ba na gaskiya ba, kuma saboda kai ne. Yau ka dawo da fararen kaya da kyakkyawar niyya kana neman na biyu. Na yarda ka yi awoyin. Na yarda Telanka yana bukatarka. Amma raina ya ɓaci, Auta, ya ɓaci ƙwarai, da har yanzu in ka matsu hannuna kake fara tunawa.

Littafin yana nan wurina. Ba zan sa ba.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

A aji an koya mana yadda mai murmurewa zai jera mutanen da ya cuta, ya je ya nemi gafararsu. Ni da kaina nake sa mutanena su yi. Jerina na yi shi tun shekara tara, har mai shagon da na ɗauke wa batir yana ciki. Sunanki ba ya ciki, don na ɗauka ba ki taɓa ganewa ba. Ban san da wane ido zan kalle ki ba. Ki yafe mini. In ba za ki iya yanzu ba, ba zan ga laifinki ba.

Littafin ki ƙona shi. Na janye roƙona.

Amma ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ina jin haushi. Ba naki ba. Haushin Dattijo nake ji, da na matar kanta, da na hawa na huɗu, da na kaina da ban buɗe bangon littafi ba. Shugaba ta ce daga ranar ɗaya ga wata zan koma sito, in riƙa ƙirga barguna da sabulu. Wata goma sha takwas na karatun ƙwaƙwalwa, ga inda ya kai ni.

Alhamis ɗin nan ce zamana na ƙarshe da su, ƙarfe goma na safe. Ban faɗa wa Tela ranar ba tukuna. Na tsara maganar sau ashirin, duk ba ta zauna ba. Ki sa ni a addu'a, shi ma ki sa shi.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Da aka tashi daga zamanku na Alhamis na fita ban tsaya mun gaisa ba, don ba na son kuka a gaban mutane.

Ga abin da na gani daga kujerar baya. Kana da surutu. Sau uku ka katse malamar nan tana tsakiyar magana. Ba ka rubuta komai ba sai da aka tashi, wannan kuskure ne. Amma da Mai Walda ya ce ya sake faɗuwa, ba ka yi masa wa'azi ba, ka matsa da kujerarka kusa da shi ka saurare shi. Wannan ba a aji ka koya ba.

Ga littafinka. Na yage shafukan da ka kwafe. A sabon shafi na sa hannu a awa biyu, su na gani da idona.

Na yi magana da Shugabarku, ta ga katina. Rukunin yana hannunka muddin ina ɗakin. Mota biyu nake hawa kafin in iso, don haka kada ka kuskura ka makara. Awa huɗu a mako, ka buga lissafin da kanka: shekara uku ne babu kaɗan. Maigidan ya ce na haukace.

Maganar yafiya kuma, ban gama ba tukuna. Muna da lokaci.

Sai Talata.

Yayarka