Doka Ta Huɗu da Gonar Gwaggo

Zuwa ga taubashina Habu, a gidan yari.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta abokan zamanka. Ina kuma gai da ganduroban da zai riga ka karanta wannan takarda. Malam, karanta a tsanake, babu siyasa a ciki, maganar noma ce.

Mahaifiyarka, Gwaggona, tana lafiya. Ta ce in gaya maka ka riƙa cin abin da aka ba ka, ka bar yanga da abinci. Na ce mata ai can sun raba ka da wannan halin tun makon farko.

Ka tuna lokacin da akwatin rediyon ƙofar gidan mai unguwa ba shi da zance sai tsarin mulki, manya suna ta kai da kawowa Ingila? Kai ka ce mu ma 'yan gayyar noma na Ƙofar Ran sai mun yi namu. Ka samo takarda, ka fere alƙalami, ka rubuta mana dokoki bakwai da ajami, mu goma sha biyu muka dangwala yatsa. Ragowar tawadar ni na shafa wa Sale mai gyaran keke a ƙeya, ya yini da ita bai sani ba.

Doka ta huɗu ta ce wanda ya rasa gayya uku a jere ya rasa ranarsa ta bana, wato ranar da za a noma masa, sai dai in ciwo ne ya kwantar da shi ko an yi masa rasuwa. Kowa ya san don wa aka yi ta. Ni ne mai ɓacewa da safe, in bayyana lokacin fura. Abin da ka ce a ranar yana kunnena: "Iro, daga yau ba da ni za ka yi gardama ba, da takarda za ka yi."

To, takarda ta bar ni, ta kama ka. Tun da aka ɗaure ka kan laccar nan da kuka yi ba izini, an yi gayya uku babu kai. Ranarka kuwa ita ce ta maimai a gonar Gwaggo ta Miri. Dawa ta kai gwiwa, ciyawa tana bin ta a baya. Gwaggo ba ta iya sunkuyo, ka fi ni sani.

Aka zauna a zauren Buba, sarkin gayyarmu, bayan la'asar.

Ɗanjuma tela ya fara. Ya ce takarda ta ambaci ciwo, ta ambaci rasuwa, ba ta ambaci kurkuku ba. Shi abin da ya sa wa yatsa ya sani, bai sa yatsa kan abin da ke cikin zuciyar kowa ba. In yau aka ƙara mata abin da ba ta faɗa ba don ana son ka, gobe za a ƙara mata wani don ana ƙin wani.

Sale ya ce dukanmu muna wurin ranar da aka rubuta ta, mun san an yi ta ne don malalaci, ya nuna ni da haɓa. Ya ce kai ba ka taɓa makara ba, kuma wanda ya karanta doka ya manta dalilinta bai karanta ta ba.

Ni ma na sa baki. Na ce lokacin da aka rubuta ta, ba a ɗaure ɗan unguwarmu don ya yi magana a kan tebur. Yanzu ana yi, gobe ma za a yi. A ɗauka duk abin da ya riƙe mutum ba da sonsa ba ɗan'uwan ciwo ne. Aka yi dariya, don ni na faɗa. Ɗanjuma ya ce in zamani ya canza a canza takarda, kada a ja ta kamar fata. Sai aka duba doka ta bakwai: ba a canza komai sai yatsu goma sha biyu sun hallara. Sha ɗaya ne a waje.

Buba ya sa aka karanta masa har sau uku. Ya ce takardar nan ita ta naɗa shi, ba zai hau kanta ba. Ranarka ta faɗi.

Da na kai wa Gwaggo labari, ta tambayi wanda ya rubuta dokar. Na gaya mata. Ta daɗe tana tankaɗe kafin ta ce, "Tun yana yaro ba ya barin ƙofa a buɗe."

Alhamis ɗin da ta biyo baya, ranata ce. Muka fita bayan asuba, ina gaba, fartanyoyi goma a bayana. Muka zo gonar Baba, na wuce. Suka ɗauka tsokana ce irin tawa, suna kira na ina tafiya. Ban tsaya ba sai a bakin gonar Gwaggo. Na ce doka ta biyu ta ce mai rana shi ke nuna inda za a noma, ni kuwa ga inda na nuna.

Ɗanjuma ya karɓi takardar daga hannun Buba, ya karanta, ya ninke, ya mayar. Bai dube ni ba. Ya tofa yawu a tafi, ya kama kunyar farko. Shi da ya kayar da ranarka, shi ya fi kowa noma.

Sale kuwa ya ƙi. Ya ce an ba kowa rana ne don abincin gidansu, ba don ya zagaye hukuncin da aka riga aka yanke ba. Ya ce yana son ka, amma wannan wayo ne. Ya saɓa fartanya ya juya, mutum biyu suka bi shi. Na ɗauka gari suka koma. Da muka biyo da yamma, sai muka same su a gonar Baba, su uku, sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Wai nan ne aka nufa da ranata.

Gonar Gwaggo ta fita tas, ban da lungun bakin rafi da na ƙarasa washegari. Ta Baba ni kaɗai nake fama da sauran, tafin hannuna duk ya yi kanta. Baba ya rasa ta inda zai yi min faɗa, tun da Gwaggo ƙanwarsa ce.

Yanzu shari'ata za a zauna a kai. Sale ya ce a aiko a tambaye ka abin da ka nufa da doka ta biyu. Ɗanjuma ya ce ko ka amsa ba za a karɓa ba, bakinka ba takarda ba ne. Kada ka wahalar da kanka, in sun kore ni za su rasa wanda za su zaga, da kansu za su neme ni.

Habu, unguwa ta yi shiru. Na gwada tsokanar wasu, ba su iya ramawa ba. Ranar maimai Gwaggo ta dama fura, ta zuba wa kowa, ta ajiye ƙwarya ɗaya a inuwa ta rufe da faifai. Babu wanda ya tambaye ta. Da za mu tashi ta miƙo min, na shanye, ban tsokani kowa ba, karo na farko a rayuwata.

Allah Ya sassauta maka kwanakin da suka rage, Ya tsare maka lafiyarka da zuciyarka, Ya nufe ka da yankan dawar nan da hannunka. Amin.

Wassalam. Ni ne taubashinka, kuma ubangidanka ko ka ƙi,
Iro.