Waya ɗaya, manoma goma sha ɗaya

Litinin, 13 ga Mayu, 2024

Fom ɗin rajistar irin shinkafa mai jure ambaliya ya kwana huɗu a intanet, ko tari bai yi ba. Ƙungiyar manoman da ta ba mu aikin za ta rufe rajista ranar Juma'a, wanda ba sunansa ba iri.

Abu biyu nake ji da su. Lambar waya ɗaya, mutum ɗaya, don kada wani ya karɓa sau biyu. Sannan in an sa lambar da muka sani, fom ya cika sauran gurabe da kansa: suna, ƙauye, girman gona. Chidera, abokiyar aikina, ta ce, "Hanifa, kin tabbata kowa na da wayarsa?" Na ce a wannan zamanin? A Nasarawa aka haife ta, amma sai ta riƙa yi kamar ta fi ni sanin ƙauye.

Talata, 14 ga Mayu

Manoma dubu biyu da ɗari uku sun yi rajista. Na sayi tsire na taya kaina murna.

Laraba, 15 ga Mayu

Maigandi, wakilin ƙungiyar a ƙauyenmu na wajen Augie, ya kira ofis yana faɗa. Mutum goma sha ɗaya ya yi wa rajista, ɗaya ya fito a jerin sunaye. Na ce ba zai yiwu ba. Na duba. Ya yiwu.

Waya ɗaya gare su duka. Da ya sa lambar, sai fom ya kawo bayanan wanda ya gabata, shi kuma ya goge sunan ya rubuta sabo, ya adana. Kowa ya shigo sai ya share na gabansa. Fom bai tambaye shi komai ba, don ban koya masa tambaya ba. Tsofaffin bayanan ma ban ajiye ba.

Maigandi ya karanto mini sunayen da suka ɓata. Na farko Kawu Labbo. Wanda ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Bara ruwa ya cinye fadamarsa tas.

Chidera ba ta ce ai na faɗa miki ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 16 ga Mayu

Da safe muka gyara. Yanzu fom na tambaya: "Kai ne wane, ko wani ne daban?" kafin ya cika komai. Lamba ɗaya na iya ɗaukar mutane da yawa. Chidera ta zauna tana kiran sauran wakilai, ni na hau mota zuwa Argungu, daga nan babur.

Na sami manoman ƙarƙashin tsamiya. Kawu ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Ɗiyata, ni nac ce a hwara da ni, tun da ke kiy yi abin. Ashe na hwarko shi aka hwara sharewa." Suka kwashe da dariya. Ni ban iya ba.

Na ce a kawo wayar. Maigandi ya ciro ta daga aljihu, an ɗaure bayanta da roba. Wadda na saya wa Kawu ce shekara uku da suka wuce. Jiya na wuni ina kallon lambar nan a kwamfuta ban gane ta ba.

Na tambayi Kawu me ya sa ba ta hannunsa. Ya ce, "Mi zan yi da ita? Ba ta kuka don ni. Gara ta yi ma jama'a amfani."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ina karanta wa kowa sunansa da ƙarfi.

Juma'a, 17 ga Mayu

An rufe. Su goma sha ɗayan suna ciki. Mun dawo da wasu ɗari da arba'in daga ƙauyuka shida. Waɗanda ba mu samu ba, ban san yawansu ba, kuma wannan zai daɗe yana damuna.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na kira lambar bayan la'asar, wai in ji ko saƙon tabbatarwa ya shiga. Maigandi ya ɗauka, ya ce wa za a ba cikin sha ɗayan? Na ce Kawu. Sai na ji yana ƙwala kira, "Labbo! Taka ce!"

Mun yi kusan rabin awa. Ban tambayi saƙon ba.