Tagar Bayan Kanta

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Auta ya fara iya barci da ƙofa a rufe kuwa?

Ni lafiya lau, kada ki damu. A wurin aiki an ba ni zanen ginin sabon ofishin 'yan sanda, har da bayan kanta, irin ɗakin da aka kulle Auta ya fito numfashi na gagararsa. Na sa taga. Oga ya ce in goge ta, wai hanyar tserewa ce. Na ƙi. Gobe za mu zauna gaban manya, ga shi takardar zamana a ƙasar nan tana hannunsa.

Ki sa ni a addu'a. In kin gan ni a gida ba shiri, tagar ce.

'Yarki